Dorinar da Kawu ya tare mini

Jiya warin jimar fata ya buge ni a Challawa, unguwar masana'antu, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Shi ya riƙa ja na ƙofa-ƙofa lokacin da nake neman aiki, kuma ba ya wuce maigadi bai tambayi sunansa da garinsu ba.

Ranar da wata masana'anta za ta ɗebi ma'aikata, mun yi wa ƙofa yawa. Aka shiga turereniya, masu gadi suka zaro dorina. Ɗaya ya kawo mini duka, Kawu ya shiga tsakani. Dorinar ta tsaga masa goshi, jini ya wanke farar rigarsa. Na rarumi dutse, Kawu ya murɗe mini hannu har na sake shi.

"Kai, mahaukaci! In ka fasa masa kai, gobe wa zai shigar maka da takarda?"

Ya juya wajen maigadin, jini na ɗiga daga gemunsa. "Malam, ɗan wane gari ne kai?"

Mutumin ya kasa ɗago ido. Bayan sati guda, shi ya kai takarduna ofis da hannunsa.

Ni har yau ban yafe dukan nan ba. Kawu kuwa da tabon aka binne shi. Allah ya haskaka wannan goshi.