Haƙoran Dillalin Raƙuma

Har na bar aiki ba zan manta da ranar da Baba Ɗanjuma ya shigo sashen haƙori na asibitinmu a Gumel ba, ya ja rawani ya rufe baki kamar Buzu. Lokacin ni ce babbar mataimakiyar likita, ni ke ɗaukar awon baki in aika Kano wurin mai haɗa haƙora.

Dillalin raƙuma ne a kasuwar Maigatari. Wani amalen raƙumi ya harbe shi, haƙoran gaba biyu suka tafi. Tun ranar bai sake taka kara ba, wato wurin cinikin dabbobi, don abokan sana'a sun sa shi gaba, wai ya buɗe baki a duba shekarunsa. Ga iyali, ga shi a kwance a gida.

Likita ya ce gada za a yi masa. Wato a rage haƙoran da ke gefen giɓin, a sa musu hula, sababbin su zauna a tsakani, a manne gaba ɗaya, ba cirewa. Na jero masa kayan. Zinari, ya ce shi ba Hajiya ba ne. Roba, na gaya masa ta wucin gadi ce, ba za ta jure goro ba. Saura ƙarfe da ake lulluɓewa da tangaran. Ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya juya, ya sake juyawa, sai ka rantse ciniki zai yi. Ya ce wannan ya yi.

Sai na ɗauko jerin haƙoran gwaji da muke zaɓen launi da su, na nuna masa fari tas. Kowa shi yake so. Baba ya ɓata rai.

"'Yata, so kike ki kashe mini kasuwa? Mai saye bakina yake kallo kafin ya kalli na raƙumi. Tsoho da haƙorin yaro! Cewa za a yi wanda ya gyara nasa bakin zai gyara na dabba."

Na yi dariya, amma shi da gaske yake. A sana'arsu da haƙori ake gane shekarun raƙumi, dillalin da aka zarga da rufa-rufa kuwa ya gama yawo.

To, nasa haƙoran goro ya rine su jawur, duk jerinmu babu mai kama da su. Na ɗauki hoto a waya na tura Kano. Mai haɗawa ya kira ni: "Hajiya, lafiya? Ni fa gyara nake yi, ba ɓatawa ba." Na ce ya ɓata, har da ɗan baƙin nan na jikin dasashi. Sau biyu yana aikowa ina mayarwa, har likita ya ce na fi Baba rigima. Wallahi tsohon ne ya shiga raina.

Ranar da aka manna, ya daɗe yana kallon madubi. Sai ya sassauta rawani ya fita.

Juma'ar da ta biyo bayan kasuwa sai ga shi da ƙullin goro, tun daga ƙofa yake ƙyaƙyata dariya. Wai wani abokin cinikinsa daga Damagaram, wanda ya tsufa yana duba bakin raƙuma, ya tare shi: "Ba kai aka ce amale ya zubar wa haƙora ba?"

"Na ce ni ne, na asibiti aka sa mini, ban ɓoye masa ba. Na wangame baki a tsakiyar kara, na ce ya nemo su. 'Yata, ya duba, ya duba, ya nuna wanda Allah ya ba ni!"

A ranar kasuwar nan raƙuma uku aka sayar ta hannunsa.

Shi ya sa nake gaya muku, ku yaran yanzu, kafin ku miƙa wa mutum farin haƙori, ku tambaye shi inda zai je da bakin. A duk shekarun aikina ban taɓa sa an yi haƙora masu muni kamar na Baba Ɗanjuma ba, kuma da su nake alfahari.