Hayaƙin Leda a Murhuna

Shekara tara na yi ina sayar da alale a bakin titi a Rikoto. Mijina soja ne, an tura shi gabas, ya bar ni da ɗiyarmu guda ɗaya. A leda nake ƙulla ƙullun, in jera a tukunya ya dahu. Da damina, in itace ya jiƙe, da leda nake hura wuta, wani lokaci da tsinkakken silifa ko fasasshen bokiti. Kowa a layinmu haka yake yi. Yarinyar tana goye a bayana nake durƙusawa ina fifita wutar, baƙin hayaƙin nan mai wari yana tashi ta kanmu.

Tun da aka yaye ta ba ta cika wata biyu cur da lafiya ba. Yau tari, gobe gudawa, jibi maruru a ƙeya. Murar da 'ya'yan maƙwabta za su yi ta kwana uku, ita sai ta kai mu asibiti. Na kai ta addu'a coci, na ba ta jiƙon sassaƙen da surukata ta aiko daga ƙauyensu da ke kan dutse kusa da Danko. Sai ta ɗan farfaɗo, ta koma.

Tana da shekara huɗu aka kwantar da mu saboda ciwon huhu. Wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ta duba katinmu, ta ga yadda ya cika, ta ja kujera ta zauna.

"Maman yarinya, mene ne sana'arki?"

Na gaya mata. Ta tambaye ni abin da nake hura wuta da shi, da abin da nake zuba wa yarinyar kunu. Na ce a tsohuwar robar lemo nake ɗura mata shi da zafinsa, don ta riƙe da kanta.

Ta ce, "Ba zan rantse miki cewa shi ne ba. Amma roba da leda akwai sinadarai a cikinsu, zafi yana iya fito da su, su shiga abinci. Ana zargin wasunsu da raunana garkuwar jiki. Hayaƙin kuwa babu tantama, yana cin ƙirjin yaro."

"To Sista, a ba ta maganin da zai wanke shi mana."

"Babu irin wannan maganin a wurinmu. Ki dai raba ta da shi."

Na fita bayan ɗakin, na dafa bango. Ni da hannuna nake hura mata kunun nan in ba ta. Ni nake zaɓar mata alalen da ya fi laushi, wanda ledarsa ta manne da gindin tukunya.

Ranar da aka sallame mu, ban ko ajiye jaka ba na shiga kwashe duk wata roba da ke gidan: kofuna, faranti, jarkar da ke yini a rana, buhun leda. Na tara su tsakar gida, har na ƙyasta ashana, sai na tuna da hayaƙin da za su yi. Na tsaya da ita a hannu har ta ƙone mini yatsa. Ƙarshe rami na haƙa a bayan gida na binne su, ina yi ina kuka. Duwatsun murhu ma na kankare su da wuƙa, domin narkakkiyar roba ta daskare a jikinsu kamar kwalta.

Na koma dafa alale a gwangwani. Amma gidanmu gidan haya ne, murhu biyar a tsakar gida ɗaya. Da sassafe maƙwabciyata ta cinna wa leda wuta a ƙarƙashin itacenta, hayaƙi ya nufo tagarmu, yarinyar ta fara tari. Na fita ko ɗankwali babu, na durƙusa a gabanta.

"Yaya, don girman Allah ki bar ledar nan."

Ba ta yi fushi ba. Ta nuna mini itacen da ruwa ke ɗiga daga jikinsa, ta ce, "To da mi zan hura? Yara na jiran koko."

Na ɗebo mata garwashi daga murhuna. Haka na riƙa yi, ina riga kowa tashi, ina bi murhu murhu da garwashi a marfin kwano. Amma bolar da ke bayan layinmu fa? Kullum da yamma sai wani ya sa mata wuta, ban kuma san ƙofar wa zan je in durƙusa ba.

Kafin lokacin kaka muka sake komawa asibiti. Ina zaune ina kallon ruwan da ake ƙara mata yana saukowa daga jakar roba, ta bututun roba, yana shiga hannunta. Na bar shi, domin shi ne ke riƙe da ranta.

Surukata ce ta zo ta same mu a can. Ta daɗe tana duban jikarta, sannan ta ce mini da Dakarci, "Ɗiyata, ba ni ita. A kan dutse akwai iska."

Na kai ta ƙauyen da kaina. A randar ƙasa suke shan ruwa, a ƙwarya ake dama mata kunu. Ko a can na hango baƙar leda maƙale a karan dawa, na kau da kai. Yanzu shekararta bakwai. Tarin ya ragu, bai tafi ba, kuma har yau babu wanda ya iya ce mini ga abin da ya jawo shi. Duk Lahadi bayan coci nakan hau mota in je in gan ta. In zan dawo, kakarta takan ja ta zuwa bayan rumbu wai su duba kaji, ni kuma in sauko da sauri, ba na waiwaye.