Tsayuwar Inna a Taku na Bakwai

Shekara huɗu Inna ta yi tana shara a wani ofis da ke saman kantin sayar da taya. Mutum biyar ke aiki a ciki, suna haɗa wasan kwamfuta irin wanda ake fitarwa kashi-kashi. Ita dai tsintsiya da tsumma ta sani. Ta san kofin shayin kowa, ta kuma san ba a taɓa wa Dogo mai zane takarda ko da a ƙasa aka gan ta.

Wasan labarin wata tsohuwa ne da ta koma gidan da ta bari, tana bin ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. Babu faɗa, babu gudu. Da suka rasa wadda za su ɗauki tafiyarta a kyamara su sa wa tsohuwar wasan, shugabarsu, wadda suke kira Anti, ta roƙi Inna. Aka ɗaura mata wasu madaurai masu ƙyalli a kan kayanta, kyamarori suka kewaye ta, aka ce ta yi tafiyarta yadda ta saba. Ta yi taku bakwai ta tsaya, ta ɗan waiga hagu, sannan ta ci gaba. Haka tsohuwar cikin wasan ta fito tana yi.

Da kashi na biyu ya fita, sai kai ya rabu. Masu sharhi a jaridu suka yi ta yabo, masu buga wasan kuwa suka yi caa.

"Inna, kin yi suna fa!" in ji Dogo, yana karantawa a waya. "Wani ya ce tsayuwar nan taki tunani ne mai zurfi a kan shuɗewar zamani."

"Ni ɗin? Allah ya shirye shi."

"Wannan kuma ya ce ya shiga wanka ya fito, ba ki gama ƙetare falo ba."

Kowa ya yi dariya, har da ita. Anti ce kaɗai ba ta yi ba. Bayan la'asar ta same ta a wurin wanke kofuna, ta ce mata mutane suna jefar da wasan a tsakiya, da yawa ma sun ɗauka tsayuwar matsalar na'ura ce. A kashi na uku za a cire tsayuwar, gobe za a sake ɗaukar tafiyar.

Inna ta daɗe tana ɗauraye kofi guda. Sannan ta ce, "'Yar nan, ba tsayuwata ba ce, ta Malam ce." Mijinta ke nan. Shekara uku ya yi da ciwon numfashi, kuma duk inda za shi, asibiti ko bakin masallaci, hannunta na hagu yake riƙewa. Taku bakwai yake iyawa kafin ya huta. Ya rasu shekara shida da suka wuce, amma ƙafarta ba ta daina lissafin ba. A duk faɗin duniya, cikin wasan nan ne kaɗai ake jiransa tare da ita.

Idon Anti ya kawo ruwa. "To a bar shi, Inna. Su yi ta surutunsu."

Inna ta tafi gida da maganar. Washegari ta zo da wuri, ta miƙa hannu a ɗaura mata madauran. Ta ce bayin Allah ba su san Malam ba, bai kamata a tsare su jiransa ba, shi kuma yanzu addu'a yake bukata.

Karon farko ƙafar ta tsaya da kanta. Karo na biyu ma haka. Dogo ya buɗe baki zai yi zolaya, ya dubi fuskarta, ya fasa. A na uku ta yi bisimilla, ta zuba wa bango ido. Ta wuce bakwai, takwas, tara, har ta dafa bangon.

"An samu," Anti ta faɗa a hankali. "Za ki duba?"

Inna ta girgiza kai. Ta ce a kwance mata abubuwan nan, a ba ta kujera, ƙirjinta ne ya yi mata nauyi.