Kawu Ilu da Keken Ummu Sabri

Duk wanda ya zauna a Alƙahira a zamaninmu ya san ba a yi wa Kawu Ilu tambaya sai an duba takalmin da ke ƙafa. Ko farashin tumatir ka tambaye shi, zai ajiye kofin shayi ya ce, "Tashi mu taka." Wai shi kansa ba ya aiki sai ƙafarsa na motsi. Da yawanku da ke nan kun sha wannan tafiya, na ga ma wasu har yanzu suna ɗingishi.

Ƙanen mahaifiyata ne. Lokacin da na iso karatu a ƙarshen shekarun saba'in, ya riga ya haura shekara goma a garin. An turo shi ya karanto fiƙihu, ya leƙa ajin falsafa sau ɗaya, bai sake fitowa ba. Ɗakinsa na sauka a Ainu Shams, a saman gidan wata tela, Ummu Sabri. Kakata Inna kuwa, mahaifiyarsa, tana Gumel tana gaya wa duk wanda ya shigo cewa Ilu na nan tafe da digirin dakta. Da zan taho ta riƙe hannuna ta ce, "Sabi'u, ka ce masa idona ya fara gajiya." Saƙon da na zo da shi ke nan, ya kuma zame mini kaya.

Washegarin zuwana na yi kuskuren da kowane baƙo ke yi. Na ce, "Kawu, wai me kake rubutawa ne haka?"

"Tashi mu taka."

Sabon takalmi ne a ƙafata, na Kantin Kwari. Muka bi ta Abbasiyya yana bayani, hannu ɗaya a baya, ɗaya yana yanka iska. Ya ce a cikin Girkawan dā akwai masu koyar da ɗalibai suna zagaya lambu, kuma su ne mutanensa. Ya ce Rumawa sun ci Girkawa da yaƙi, sannan suka ɗauko su suna koya wa 'ya'yansu tunani.

"Bagirke zai kwana yana tambayar mene ne haƙuri," in ji shi. "Barume kuwa so yake a gaya masa yadda zai yi haƙuri gobe da safe in sarki ya ƙwace masa gona. Kundina a kan wannan yake."

Da na ɗago kai sai ga kogin Nilu a gabanmu. Na zauna a bakin gada na cire takalmin, diddigena duk ya sale. Kawu ya dube ni da tausayi ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri. Gabatarwa ce wannan, babi na ɗaya sai a hanyar komawa."

Nasa takalmin kuwa abin kallo ne. Tun daga gida ya zo da shi. Wani baduku a lungunmu, Ammu Girgis, ya canza masa ƙasa da tayar mota, ya canza sama, ya canza maɗauri, har ya rasa abin da zai canza. Ran nan ya ce, "Ya ustaz, khalas, ka sayi sabo. Wallahi babu ko zare ɗaya na asali a jikinsa."

Idon Kawu ya kawo haske. "To in babu, takalmin wa nake biyanka kana gyarawa? Nawa ne na dā, ko wani ne? Girkawa sun yi wannan gardama a kan jirgin ruwa. Tashi mu taka."

Ammu Girgis ya riƙe bencinsa da hannu biyu ya ce ya yarda, na dā ne, ya kuma yafe kuɗin gyaran. Kawu ya fito yana cewa ka ga amfanin falsafa.

Ranar wata babbar Sallah aka gayyaci ɗalibai cin abinci a Zamalek, gidan wani babban ma'aikacin ofishin jakadancinmu. Mutumin kirki ne, amma sabon zuwa, ba wanda ya gargaɗe shi. Yana riƙe da cinyar kaza ya ce, "Malam Iliyasu, ina aka kwana a karatun?" Muna ta yi masa alama da ido, ina, ya makara. Ta taga muka hango su sun fice daga ƙofar gida, mai gida da silifas da cinyar kazarsa, direbansa na bin su a baya da mota a hankali. Sai bayan la'asar suka dawo. Mutumin ya faɗi a kujera, ya sha ruwa, ya ce, "Na gamsu, Rumawa sun ji jiki. Amma ka saurare ni, Malam. Minharka, kuɗin karatun nan, bana za ta ƙare, kuma ba za a sabunta ba. Ko ka kare kundin nan kafin ƙarshen shekara, ko ka koma gida haka."

A hanyar komawa na matsa wa Kawu da tambaya. A nan na gane matsalar. Kundin ya daɗe da kammala. Munaƙasha yake tsoro, wato zaman da ake kare kundi. Kun san yadda Misirawa ke yinta: malamai uku cikin baƙaƙen alkyabba a kan dandamali, zaure cike da jama'a, ɗalibi a zaune a ɗan teburinsa awa da awanni. A zaune fa. Kawu in ya zauna, ko sunan unguwarsu sai ya yi tunani.

"Kawu, kai da kake koya mana haƙurin Rumawa, kujera ce za ta kayar da kai?"

"Ni rubuta su na yi," ya ce. "Ban ce ni ne su ba."

Muka shiga horo. Na zaunar da shi ina jefa masa tambaya, ya yi ta kallona kamar na yi masa Sinanci. Na ɗaure shi a kujera da rawaninsa, ya miƙe da kujerar a baya yana zagaya ɗaki yana amsawa tiryan-tiryan. Na yi fushi na ce Inna za ta mutu ba ta ga komai ba sai tsohon takalmi. Maganar ta yi masa zafi, ni ma na yi da-na-sanin faɗinta, amma gaskiya ce.

Rannan muka sauka biyan haya, Ummu Sabri ta shiga kicin, Kawu ya zauna a gaban kekenta na ɗinki don babu wata kujera. Ƙafarsa ta sami ƙarfen da ake takawa, ta fara wasa da shi. Ina jin ƙarar keke sai na ji ya ce, "Ka san abin da ya sa Rumawa suka fi son masu koyar da juriya a kan masu koyar da jin daɗi?" Ya zuba bayani har ta dawo da shayi, yana zaune daram. Na ce, "Kawu, dubi ƙafarka." Ya duba, ya dube ni, muka dubi Ummu Sabri.

Ta ce ba ta ba da aron kekenta ko ga 'yar cikinta. Da na ba ta labarin Inna, ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Yalla, ku ɗauka. Amma ƙafata ƙafarsa."

Ranar munaƙasha muka cire kan keken, muka loda gindin a amalanken jaki. Mai share zauren ya kau da kai, muka ajiye shi a wurin teburin ɗalibi, muka lulluɓe da koren ƙyalle har ƙasa, muka ɗora tulun furanni. Ummu Sabri ta zauna a layin gaba da jakar alewa a cinya.

Da farko komai tamam. Kawu na amsawa kamar ruwa, ba abin da ke motsi sai kafaɗarsa kaɗan-kaɗan. Sai shugaban malaman, wani tsoho da ɗalibai ke tsoro, ya cire tabarau ya ce, "Ya ibni, ni ban ga abin da Rumawan nan naka suka ƙara ba. Kwafa kawai suka yi." Nan fa ran Kawu ya ɓaci, ƙafa ta ƙara wuta. Keke ya fara ƙiƙi-ƙiƙi. Kafin in yi wani abu, bakin ƙyallen ya shiga cikin ƙafar keken, ta naɗe shi, tulun furanni ya tarwatse a ƙasa. Ga Kawu a zaune a gaban malamai da jama'a, da alkyabba, a kan keken ɗinki.

Kowa ya zuba masa ido. Ni dai Inna kawai nake gani a raina.

Tsohon ya ce, "Mene ne wannan?"

Kawu ya sauke ƙafafunsa ƙasa. Ya ce, "Ya duktur, amsar tambayarka ce. Bagirke yana da lambu da lokaci, yana yawo yana tunani. Barume alƙali ne, ko ɗan majalisa, ko soja, aiki ya ɗaure shi a wuri ɗaya. Bai ce tunda ba shi da lambu ya haƙura da tunani ba. Ya rage shi, ya gyara shi, ya shigar da shi ƙarƙashin teburinsa inda zai taka shi kullum. Abin da suka ƙara ke nan, kuma ba ƙarami ba ne."

Ina kallon ƙafafunsa har ya gama. Ko yatsa bai motsa ba.

Tsohon ya mayar da tabarau, ya daɗe yana kallon keken. Ya ce, "Duk kaurin kundin nan ba ka faɗe shi sarai haka ba. Ci gaba. Amma a sa masa mai."

Ummu Sabri ta miƙe ta ce, "Da hannuna na sa masa da safe, ya duktur!" Zauren ya fashe da dariya. Da aka sanar da sakamako ita ta fara rangaɗa guɗa, tana watsa alewa, tana kuma duba ko an lanƙwasa mata wani abu.

Da ya koma Gumel ya sami Inna da ranta, idon ne dai ya kusa tafiya. Ta shafa fuskarsa ta ce, "To Ilu, me ka karanto?" Ya ce, "Inna, tashi mu taka." Ta kuwa tashi da sandarta, ya riƙe mata hannu, suka je ƙofar zaure suka dawo a hankali. Ta ce ta gane, ya isa.

Ranar da muka ɗauke shi zuwa makwancinsa, hanyar da ɗan nisa, wasu suka ce a kawo mota. Na ce a'a. Muka saɓa shi a kafaɗa muka taka, tsofaffin ɗalibansa na karɓa-karɓa. Ita ce tafiya ɗaya da muka yi da shi bai ce komai ba, kuma ita ta fi kowace yi mini tsawo.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya haɗa shi da Inna, ya yalwata masa kabarinsa. Ya Allah, bawanka ne da bai iya zama wuri ɗaya ba, ka ba shi lambu mai faɗi a Aljanna. Amin.