Falmaran Mai Ruwan Hoda

A gidanmu na unguwar University Heights, can ƙasar waje, babu murhu, sai hita, wani tsohon ƙarfen ɗumama ɗaki a gindin taga mai yawan tsaki idan sanyi ya shigo. A nan Kaka take shimfiɗa bargonta bayan an ci tuwo, ta miƙe ƙafafu, ni da ƙanena Sadiku mu matso mu sha tatsuniya. A lokacin ni ba mai magana ba ce. Ko a aji aka kira sunana, sai in noƙe a kujerata ta baya. Amma idona ba ya barin komai ya wuce.

Shi ya sa ni kaɗai na ga inda Baba ya ɓoye falmaran.

Wani abokin aikinsa ne, direban bas kamarsa, ya gayyace shi farautar barewa a dazukan arewacin jihar. Murna a wajen Baba ba a magana, domin mahaifinsa maharbi ne a ƙauye. Ya yi kwas, ya samu lasisi, kullum zancensa ke nan. Sai aka ce masa kowane maharbi sai ya sa abu mai ɗaukar ido, ruwan goro ko ruwan hoda, don kada wani ya hango motsi cikin itatuwa ya ɗauka dabba ce. Mama ta je kanti ta tarar ruwan goro ya ƙare. Ta dawo da falmaran ruwan hoda mai ƙyalli, har ido na yaji.

Baba ya ɗaga ta da yatsu biyu. "Ni zan sa wannan? Kai amarya za ni?"

"To a harbe ka saboda kala?" in ji Mama.

"Maharbi ɓuya yake yi, ba ado ba. Mahaifina da riga mai launin ƙasa yake shiga daji."

Ana gobe tafiya na gan shi ya cusa ta bayan buhun shinkafa, ya ninke jaket ɗinsa mai ruwan ƙasa ya sa a jaka. Na kasa tunkararsa, sai na je na raɗa wa Kaka a kunne.

Matsalar ita ce Baba ɗan farinta ne. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa magana kai tsaye, a gaban mutane ko kallonsa ba ta yi. Ta gyara zaninta, ta ce, "Kira mini Sadiku."

Baba na kan kujera yana latsa waya lokacin da ta fara.

"Ga wata nan tafe, ku buɗe mata hanya."

Sadiku ya amsa da Turanci, ta ja masa kunne. "Mai gidana, tatsuniyata ba ta jin wannan yaren!"

Ta ce an yi wani maharbi da ya je wajen boka neman layar zana, wadda in ka ɗaura ta babu idon da zai gan ka. Ya samu, ya shiga daji yana taƙama. Amma duk barewar da ya doso sai ta ɗaga hanci, ta kaɗa kunne, ta arce. "Dabba da hanci take gani," in ji Kaka, tana shinshina iska har muka fashe da dariya. Ashe ƙanensa ma ya fito farauta. Ya hango ciyawa na motsi ba kowa a ciki, ya ce yau na ci nama, ya ɗana kibiya, ya ja baka.

Nan Kaka ta tsaya ta kurɓi shayi. Na ji kamar in ƙwace kofin! Na saci kallon Baba, na ga fuskar wayarsa ta yi duhu, bai ma lura ba.

"Sai me, Kaka? Sai me?" Ni ce na yi wannan ihun, har Mama ta leƙo daga kicin.

Ashe matar maharbin ta ƙunsa masa guzuri a ɗankwalinta ruwan hoda. Layar ta rufe shi, amma ba ta rufe ɗankwalin ba, tunda ba nasa ba ne. Ƙanen ya ga ƙunshi na lilo a iska shi kaɗai, ya ce, "Kai! Barewa ba ta ɗaura ɗankwali!" Ya karkatar da hannu, kibiya ta shafi kunnen wansa ta cake a jikin bishiyar kuka.

Kaka ta dubi hita kamar da ita take. "Ta ƙare. Mai kunne ya adana abinsa."

Washegari da hantsi Baba ya fito daga kicin sanye da falmaran a kan jaket, da ƙwayar shinkafa maƙale a kafaɗarta. Na yi tsalle na tafa! A bakin lif muka haɗu da maƙwabcinmu Malam Isufu, mutumin Maraɗi.

"Alhaji, ina ake bikin ba a gayyace mu ba?"

"A daji," Baba ya ce. "In ka zo, daga nesa za ka gane ango."

Na koma da gudu don in ba Kaka labari, na same ta tsaye a taga, goshinta a jikin gilashi. Titi cike da baƙaƙen riguna irin na sanyi, ɗigo ɗaya ne kawai yake walƙiya a cikinsu.

"Ga shi can," ta ce a hankali. "Har ya sha kwana ina ganinsa."

Bai kamo ko zomo ba, ya dawo da mura da labarai.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar ta maza ce masu tsoron kala. Yanzu da na girma, Kaka kuma ta riga mu gidan gaskiya, na gane har da ni a ciki, yarinyar da ke neman layar zana a kujerar bayan aji. Falmaran tana nan rataye a bayan ƙofar Baba, ta ɗan koɗe. Idan na gan ta, ba daji nake tunawa ba. Wata uwa nake tunawa a bakin taga, ranar da ta kalli ɗanta son ranta.