Ashemi da Mashayar Giginya

Duk wanda ya san layin 'yan atamfa a kasuwar Lafia ya san Ashemi, dogon nan mai furfura a gemu, wanda ba a samunsa a shago da safiyar Lahadi. Masu saye sun gaji da mita sun haƙura. Da ya idar da sallar asuba zai rataya tsohuwar kyamarar da ya saya a gwanjo, ya hau babur ya nufi rafin Amba.

Ba mai hoton biki ba ne, kada ma ka fara. Amare nawa aka kawo masa ya ce shi zalɓe ya fi masa sauƙin sha'ani, don zalɓe ba ya cewa a goge a sake. Abin da yake nema shi ne hazo a kan ruwa, da kwakwar manja sa'ad da rana ta fara taɓa kanta, da balbelu jere a bayan shanu. Kuma ya iya, ya kuma san ya iya, ba ya ɓoyewa. Doka ɗaya gare shi: mutum ba ya shiga hotonsa. Sai ya ƙame a cikin ciyawa sauro na cinsa har masu wanki su kwashe kayansu, masu jiƙa rogo su tafi, sannan ya danna. A ganinsa bokitin roba da zanin shanya ƙazanta ne a fuskar rafi.

Mahaifiyarsa, Hajja, a bakin wannan rafin ta yi ƙuruciya, a wata mashaya mai giginya uku. Ƙafa ta daɗe da zaunar da ita, ga yanar ido ta fara rufe mata gani. Wata rana ta ce masa, "Ashemi, kai da kake yawon ɗaukar tsuntsaye, ka ɗauko mini mashayarmu in gani tun idon nan bai gama tafiya ba."

Maganar ta soke shi, amma bai ji ko ɗar ba. Wannan ai aikinsa ne. Ya yi ta sintiri har ya dace da safiyar da yake so: ruwa kwance, giginyoyin nan tsaye da inuwarsu a ciki, babu ko kaza a wurin. Ya sa aka wanke hoton babba, ya kai mata yana tafiyar wanda ya gama magana.

Hajja ta kara shi kusa da fuskarta, ta duba sama ta duba ƙasa. Ta ce, "Mutuwa aka yi a garin?"

"Wace irin mutuwa, Hajja?"

"To ina mutane? Ni ban san wannan wurin ba. Mashayarmu ba ta taɓa yin shiru haka ba." Ta miƙa masa abinsa, ta juya ga carbinta.

Ranar Ashemi bai ci tuwon kirki ba. Haushi ya ji da farko, don ba a saba mayar masa da hoto ba. Daga baya tsoro ya shige shi, domin likita ya ce idon ba jira zai yi ba.

Lahadi na zagayowa ya koma, amma bai shiga ciyawa ba. Kai tsaye ya nufi matan da ya shekara yana jiran su tashi, ya yi sallama ya gaishe su da aiki. Babbarsu, Cordelia, mai jiƙa rogo tana yin alibo, ta ɗago ta dube shi.

"Oga mai hoto, yau ka iya gaisuwa? Kullum kana tsaya can kamar sanda, mu muna ce ko fili kana so ka saya."

Sauran suka kwashe da dariya. Ya bari suka gama, don ya san ya cancanci dariyar, sannan ya faɗa musu abin da ya kawo shi.

Cordelia ta goge hannu a zani. "Mama naka ne yana so ya gani? No wahala. Amma ka bari mu gyara ɗankwali."

Ya ɗauka yadda ya samu. Ga buhunan rogo a ruwa an danne da duwatsu, ga zannuwa shanye a kan ciyawa, ga wata ta ɗaga wanki za ta maka a dutse, ga jan bokitin da ya fi tsana zaune a tsakiya. Giginyoyin ma sun ɗan karkace.

Da ya kai mata, Hajja ta daɗe tana kallon wannan. Can ta ɗora yatsa a gefe, kan wani faffaɗan dutse da kumfa ta rufe rabinsa.

"Ga shi nan. A nan nake wanki ranar da babanku ya zo shayar da doki, ya yi ta tambayata hanyar da ya sani." Ta yi dariya har da hawaye, ta ce a bar mata shi kusa da matashinta.

Kafin kaka idon ya rufe gaba ɗaya. Hoton yana nan inda ta ce a ajiye, gefensa ɗaya ya dushe saboda shafa.

Ashemi bai fasa zuwa rafi ba, bai kuma fasa cewa duk Lafia babu mai ɗaukar zalɓe kamarsa ba. Sai dai yanzu da mashaya yake farawa, ya gaisa, ya ji abin da ake ciki, don in ya koma gida Hajja za ta tambaye shi su wa ya tarar a bakin ruwa.