Wanda Ya Ɗauke Mini Langa

Kwana uku ina cigiyar tsohuwar langar da nake ajiye busasshen kifin garin Guri a ciki. Har na fara hararar maƙwabciyata.

Yau na leƙa bayan ɗaki, sai ga jikana Habu, wanda ba ya gani, da buhu biyu. Yana ƙwanƙwasa kowane tarkace kusa da kunnensa, mai ƙara ya jefa buhun ƙarfe, marar ƙara buhun roba. Langata na ciki!

"Maigida, sata ka fara?"

"Malamarmu ce ta koya mana, Iya. In abu ya tsufa, narka shi ake yi a yi sabo." Ya ƙwanƙwasa gwiwata. "Ke dai ban gane buhunki ba."

Na ƙwace abata. Jama'a, ku faɗa mini, me malamar nan take shirya mana, mu tsofaffi?